Keken Da Ya Ƙi Tsayawa

"Wayyo Allah, maƙiya sun gama da ni!" in ji wani mutum a can wani gari, mai sha'awar farfaɗo da tsofaffin kekunan hawan dutse. Keke ne ya kwaso shi daga tudu, ya ƙi tsayawa, ya watsa shi cikin tarin harawa.

Matarsa ta rugo. Ta duba hannu, lafiya. Ta duba ƙafa, lafiya. Ta yi hamdala.

"Malam, wa ya taɓa maka keken?"

"Mahassada mana! Na kankare tsatsa, na yi fenti, na ɗaura furanni da madubai."

"Birki fa?"

Ya karkaɗe hularsa. "Madubi ne ya rasa wurin zama, na cire birkin. Amma kin ga ƙyallin keken lokacin da yake gangarowa?"