Taksin da Ta Yi Tafiya Ba Direba

Da hantsi aka ga taksin a bakin kwalbatin layin Kokoro, hancinta cikin laka, hayaƙi na tashi daga kujerunta a hankali. Wuta ta cinye rawayan fentinta, sai ɗan tsiri da ya rage a ƙofar baya. Cikin watan Mayu ne na shekarar 1996, sojoji sun sake yin bore, unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui ta yi tsit. Kasuwa a rufe, karnuka ma sun daina haushi, sai ƙarar bindiga da ke zuwa jefi-jefi daga wajen kogi.

Sufeto Dabo ya zagaya motar hannuwansa a baya. Ɗan unguwar ne, a ɓangaren Yakité aka haife shi, kuma mutum ne da ba ya gaggawar magana. Tayoyi huɗu duk sun narke a inda suke. Batir na nan a mazauninsa. A kwanakin nan da ake kwance har ƙofofin shaguna a tafi da su, wani ya bar tayoyi da batir sun ci wuta, ya kuma zubar da fetur ɗin da ake nema ido rufe.

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Wani ɗan gwangwanin alewa na rataye a jikin waya, a buɗe, ba ko toka a cikinsa. Murfin yana can cikin ciyawa, fes, wuta ba ta taɓa shi ba. Ya ɗauka ya jefa a aljihu.

Gidan da ya fi kusa na Ummuhani ne, mai tuyar makara, fanken da mutanen Bangui ke karya kumallo da shi. Ba ta yarda ta buɗe ƙofa ba, ta cikin ramin kwanon ƙofar ta yi magana.

"Sufeto, ni ban ga kowa ba. Abin da ya sa na tsorata ke nan."

"Me kika gani, Inna?"

"Bayan asuba na fito hura wuta, ruwa ya ɗauke, hazo ya rufe layi. Sai ga mota tana tahowa. Ba fitila, ba ƙarar inji, sai dai motsin laka a ƙarƙashinta. Ta iso daidai inda nake iya ganin ciki, wallahi ba mutum a kan sitiyari. Na ja a'uzubillahi na koma ɗaki. Can sai na ga haske a jikin bango."

A komisariya, ofishin 'yan sanda, an riga an kama direban, Luqman, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya. An tsare shi ne da ya shigo unguwa da rana tsaka, mabuɗin motar a aljihunsa. Ya ce boren ya rutsa shi a unguwar Petevo wajen wani abokinsa, can ya kwana. Wannan magana ce ta ja masa. Petevo na hannun masu bore, kuma Kwamishina ya ba da umarni duk wanda aka kama da zargin ɓarna, in ya kwana a can, a miƙa shi ga sojojin gwamnati. Motar bariki za ta zo kafin magariba. Kowa a Kilomita Biyar ya san wanda ya shiga motar nan, iyayensa sun dinga bin ofisoshi ke nan suna tambayar inda yake.

Dabo ya ja benci ya zauna kusa da shi.

"Motar taka ce?"

"Tawa ce, Yallaɓai. Inna ta sayar da filin babana ta saya mini."

"To me ya sa Alhaji Badaru ya zo da safe ya ce tasa aka sace?"

Luqman ya sunkuyar da kai. "Saboda asirans ne, inshorar mota. Na zaga kamfanoni, duk inda na je sai su dubi shekaruna su ce sabon direba ne, su faɗi abin da ba zan iya ba. Sai Imrana dillalin inshora ya ce a sa mota da inshorar duka da sunan Kawu, dattijo ne, tasa da sauƙi. A gaban gidansa ma take kwana, layinmu ba ya shiguwa."

Dabo ya fito da murfin ya ajiye a kan gwiwarsa. "Mene ne a cikin gwangwanin?"

Saurayin ya ƙura wa murfin ido. "Ƙaramin Alƙur'ani ne, Inna ta naɗe shi a koren ƙyalle. Ya ƙone? Yallaɓai, ya ƙone? Innalillahi! Ni na bar shi a ciki, laifina ne."

Bai yi kuka a kan motar ba, bai yi a kan bariki ba, amma a nan ya fashe. Dabo ya dafa kafaɗarsa ya tashi.

Ya sami Imrana a bayan ɗan ofishinsa yana cusa kaya a jaka, yana neman motar Kamaru.

"Sufeto, sojoji ne! Ka rubuta sojoji ne, kowa ya huta."

"Don me kake so su zama su ne?"

Imrana ya yi dariyar yaƙe. "Kamfani ba ya biyan ɓarnar bore. Sata kuwa ko gobara, dole a biya, kuma kafin a biya sai an bincika wanda ke tuƙi. In suka gano yaro ne, ni ma aikina ya tafi."

"Wa ka taɓa yi wa wannan bayani?"

"Alhaji Badaru, shekaranjiya, ranar da aka fasa shagonsa na atamfa. Ya zo a kan shagon, na ce ba ko sisi. Sai ya tambaye ni, da mota ce fa aka sace?"

"Ka san abin da ke ƙarƙashin sitiyarin motar?"

"Waya mana. Ni ban taɓa shiga motar nan ba, birkin yaron bai kwanta mini ba."

Dabo ya bar shi. Mutumin da ke fatan kada a biya ba zai hura wutar da za ta jawo bincike kansa ba.

Gidan Alhaji Badaru yana can saman layin da ya gangaro kai tsaye zuwa kwalbatin. Dabo ya bi layin a ƙafa, yana duban sawun taya a laka. A tsakanin sawun biyu akwai na takalmi, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Tagogi duk a rufe, amma yana jin idanu na bin sa ta cikin ramuka.

Ya tarar da Alhaji yana sallar la'asar a zaune kan kujera. A tabarma gefe guda ƙanwarsa Hureira ce, mahaifiyar Luqman, ta zo roƙonsa ya je ya sa baki. Dabo ya jira aka sallame.

"Alhaji, yaushe ka koma salla a zaune? Ran Juma'a a sahu ɗaya muka tsaya."

"Bayana ne ya riƙe. Sanyin damina."

"Allah ya sawwaƙe. Kowa na cewa sojoji ne suka ƙona motar. Kai kaɗai ka ce ɓarayi."

"To soja ƙona mota yake? Hawa yake ya tafi."

"Gaskiyarka."

Dabo ya dubi ɗakin. Rediyon Alhaji, wanda a kwanakin nan kowane magidanci ke manne da shi, yana ƙasa kusa da buta. Agogon tebur ma yana ƙasa, da kwalin turare. A can saman kabad, inda aka saba ajiye su, ba a bar komai ba sai abu ɗaya da aka tura can ciki, bakinsa kore ya ɗan leƙo.

Ya juya ga Hureira. "Hajiya, wa ya san da gwangwanin da ke ƙarƙashin sitiyari?"

"Ni da yaron nan." Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gaban hukuma. "Sai Yaya. Shi ya ɗaura shi da hannunsa ranar da aka kawo motar, ya tofa mata addu'a." Sai ta dafe ƙirji. "Ya ƙone? Sufeto, Littafin Allah aka sa wa wuta? To wanda ya yi wannan, Allah ya..."

"Hureira!" Alhaji ya yunƙura zai miƙe, bayan ya hana shi. "Kada ki yi baki."

"Don me ba zan yi ba, Yaya?"

Alhaji ya kau da kai. Daga nesa aka saki harbi, kwanon rufi ya amsa, sannan shiru ya dawo.

Dabo ya ce, "Hajiya, ina jin kina da alwala, ni ba ni da ita. Taimaka ki sauko mana da abin da ke saman kabad."

Ta taka kujera ta miƙa hannu. Ko kafin ta warware ta gane ɗinkinta a bakin ƙyallen.

Dabo ya yi magana a hankali, kamar mai bitar karatu. "Soja da ɓarawo ba sa barin taya da batir. Mai mabuɗi kuma tuƙawa zai yi. Wannan motar turo ta aka yi daga baya, mai turawa ya duƙa, shi ya sa Ummuhani ta ga sitiyari ba kowa. Gangara ce miƙaƙƙiya, mutum ɗaya zai iya, amma in ya manyanta bayansa zai gaya masa. Da aka isa kwalbati, kafin a kyasta ashana, sai aka tuna da abin da ke cikin gwangwani. Ba wanda zai tuna da shi sai wanda ya san yana nan. Yaron yana can yana kuka, ya ɗauka ya ƙone. Kai kuwa, Alhaji, ka kawo shi gida, kuma ba ka iya barin rediyo ya zauna daidai da shi ba."

Alhaji Badaru ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Sun kwashe shagon, Hureira, har katakon kanta. Na ce in kamfani ya biya sai in tayar da shago, daga baya in saya masa wata. Ban san za a kama shi ba."

"Tun da rana ka sani," in ji Dabo. "Kana tsaye a komisariya har aka shigo da shi, ka fita ta ƙofar baya. Kuma kamfani ba zai biya ba. Da an ji wanda ke tuƙi, inshorar ta mutu."

"Na kasa ƙona shi," Alhaji ya ce, idonsa a kan koren ƙyallen. "Na riga na zuba man, na koma na ciro shi. Allah ya gani."

Hureira ta rungume Littafin a ƙirjinta. Ta daɗe tana kallon yayanta kamar baƙon da ya shigo gida ba sallama.

"Shi ka tsamo daga wuta," ta ce, "ka bar Luqman a ciki."

Dabo bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Da alama Alhaji ma bai taɓa ji ba, don sai a lokacin ya rufe fuskarsa da hular.

Rana ta yi ƙasa sa'ad da suka kama hanya su uku, Alhaji na jan ƙafa yana dafa bango, Hureira a gaba. Da suka ɓullo kan babban titi, motar bariki na tsaye a ƙofar komisariya, injinta na aiki, an saukar da murfin baya. Luqman na cikin layin da aka jera, ba takalmi a ƙafarsa. Dabo ya ɗaga hannu ya kira sajan da ƙarfi da harshen Sango, ya ce a fitar da na ukun nan, ga mai laifin ya kawo.

Aka kwance wa saurayin igiya. Ya dubi kawunsa, ya dubi abin da ke hannun mahaifiyarsa. Ta miƙa masa, ya goge tafukansa a riga, sai ya tuna ba shi da alwala, ya janye hannu.

"Riƙe mini, Inna," ya ce, "sai mun je gida."