Abin da Ya Rage Bayan Gwanjo

Ranar Litinin da hantsi, a bakin kantar magatakardan kotu, wata dattijuwa tela ta gano cewa wai ta sa hannu a takardar da ba ta taɓa gani da idonta ba.

Mijinta direban babbar mota ne. Ya jinginar da gidansu a banki, da yardarta, don ya sayi motar kansa. Motar ta lalace, shi kuma ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Wata bakwai da suka wuce banki ya sa gidan a gwanjo, ya cire bashinsa, aka samu rarar miliyan uku da rabi. Aka ajiye kuɗin a kotu da sunanta. Babu mahaluƙin da ya gaya mata, sai da ta yi kiciɓis da ɗan gwanjon a layin asibiti, ya ce, "Mama, kin karɓi ragowarki kuwa?"

Da ta je, magatakarda ya buɗe fayil ya ce ai ta makara. Littafin masinja ya nuna ta karɓi sanarwa kwana arba'in da suka wuce, ba ta yi jayayya ba. Wani magini kuma ya kawo takarda cewa yana bin marigayi miliyan uku da dubu ɗari huɗu. Ranar Alhamis alƙali zai sa hannu a biya shi.

Haka aka kawo maganar teburin wata Sufeton 'yan sanda. Shekararta goma sha tara a aiki, kuma babu abin da ta tsana kamar laifin takarda. Ɓarawon da ya haura katanga aƙalla yakan bar sawu.

"Mama, kin tabbata ba ki sa hannu ba? Ko a cikin ruɗani?"

"'Yata, ni da almakashi nake aiki. In aka matsa mini, dangwale nake yi."

"A ina kike zaune yanzu?"

Dattijuwar ta sunkuyar da kai. "A ɗakin ajiya, gidan mijin 'yata. Mutumin kirki ne, bai ce komai ba. Rashin cewar ce take kashe ni. Kuɗin nan su ne za su fitar da ni daga gidan suruki."

Sufeto ta ɗauki jakarta, ta nufi kotu.

Magatakarda mutum ne da ba ya ɗaga kai sai ya gama abin da yake yi, kuma abin da yake yi a lokacin shi ne gyaran bakin biro.

"Ina kuka aika sanarwar?"

"Adireshin da ke fayil."

"Wane ne adireshin da ke fayil?"

Ya karanta mata. Sufeto ta dafe goshi.

"Malam, wannan ai gidan da aka sayar ne. Kun kori mace daga gida, sannan kun aika mata wasiƙa can?"

"Ba mu muka kore ta ba, banki ne. Mu ƙa'ida ta ce adireshin da ke fayil."

"Masinja bai lura babu ita a gidan ba?"

"Aikinsa ya dawo da sa hannu. Ga shi kuwa ya dawo da shi."

Ta ji kamar ta kwaɗa masa fayil ɗin a ka. Ta duba littafin ajiyar kuɗin da ranakun shigar takardu, komai daidai. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Sata tana buƙatar ƙoƙari, shi kuwa ba shi da shi. Ta karɓi kwafin takardar maginin. An rubuta ta shekara uku baya, da jerin ayyuka, da sa hannun marigayi, da dangwalen magini, da lambar asusun da za a zuba kuɗi.

Daga nan sai gidan. Wanda ya saya a gwanjo dillalin filaye ne, ƙamshin turarensa yakan riga shi isowa. Ya tarbe ta a bakin ƙofa da fara'a, ya kawo kujera waje, ya ce iyali suna ciki.

"Wasiƙa daga kotu? Wallahi ban gani ba, ranki ya daɗe. Lokacin ban ma tare ba, kowa shiga yake yana fita. Ƙanin marigayin ma ya yi ta sintiri, wai yana kwashe sauran kaya. Ba na son in ɗora wa kowa laifi, amma ki tambaye shi."

Ƙanin marigayin yana sayar da tsofaffin tayoyi a bakin titi. Tun kafin ta gama tambaya ya hau sama.

"Ni ma ai na kai tawa takardar! Bulon katangar gidan nan kaf ni na saya wa Yaya. Miliyan biyar nake nema."

"Nawa ne rarar?"

"An ce ta kai goma."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Me ka kwashe a gidan?"

"Tsohon jak ɗin motar Yaya da baro. Baron ma ƙafarsa a karye."

Sufeto ta ja tsaki ta rufe littafinta. Wanda ya buɗe wasiƙar ya san adadin kuɗin, shi ya sa bashin maginin ya tsaya cif a ƙasa da rarar, ya bar dubu ɗari don kada abin ya yi yawa. Wannan kuwa yana neman biyar a cikin uku da rabi. Kwaɗayi ne da shi, ba labari.

Ranar Talata Sufeto ta samu maginin a kan wani gini, siminti har gira. Ya sauko yana goge hannu a wando.

"Ka yi aiki a gidan marigayin?"

"Na yi."

"An biya ka?"

"Ko sisi."

"Nawa kake bi?"

"Yana cikin takarda."

"Yaushe ka yi aikin?"

"Yana cikin takarda."

"Wa ya sa ka?"

"Ranki ya daɗe, komai yana cikin takarda."

"Ka iya karatu?"

"A'a."

"To ta ina ka san abin da ke cikin takardar, bawan Allah?"

Ta canza hanya, ta ce ya kwatanta mata gidan. Nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi tsawon falo da faɗinsa, ya faɗi inda bango ya tsage a kusurwar kicin, ya faɗi yadda ƙasan ɗakin tsakiya ya karkata har sai da ya ci buhu biyu kafin tayil ya zauna. Mutumin da bai durƙusa a ɗaki ba ba zai san wannan ba. Kanta ya ɗau zafi. Dattijuwa ta rantse ba ta taɓa ganin magini a gidanta ba, magini kuma ya san gidan kamar shi ya haife shi, kuma duk cikinsu babu mai kama da maƙaryaci.

Da yamma ta tafi gidan surukin. Ɗakin ajiyar bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Keken ɗinki a bakin ƙofa, akwatuna uku a kan juna, katifa a jingine da buhunan gawayi. Sufeto ta zauna a kan bokiti da aka kife.

"Zan karanta miki jerin aikin ɗaya bayan ɗaya. Ki yi tunani kafin ki amsa. Filastar falo da ɗakuna uku."

"Wataƙila lokacin da na je jinyar ƙanwata. Ban sani ba."

"Mama, don Allah! Kin dawo kin tarar da sabuwar filasta ko ba ki tarar ba?"

"To, ni ban lura ba. Marigayi yakan yi abu bai faɗa ba."

Sufeto ta wuce na gaba a jerin. "Gyaran rufi."

"Rufi dai ya yi yoyo."

"Fasa bango da sa ƙofar baya ta ƙarfe."

Dattijuwar ta ajiye zaren da ke hannunta. "Ƙofar me?"

"Ƙofar baya."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke ƙarewa da share ido da bakin mayafi.

"Shekara ashirin da biyu ina roƙon mutumin nan ya fasa mini ƙofar baya. Ruwan wanki ta falo nake bi da shi, ta gaban baƙinsa, in zagaya. Kullum sai ya ce gida mai ƙofa biyu gayyatar ɓarawo ne. Allah ya jiƙansa, da taurin kansa ya tafi. Har ranar da na miƙa makulli, ƙofar gidan nan ɗaya ce."

Sufeto ta miƙe har bokitin ya faɗi.

Ranar Laraba da safe tana banki. Sai da aka zaunar da ita awa biyu, aka tura ta tebur huɗu, kafin a fito da rahoton ma'aikacin da ya kimanta gidan gab da gwanjo. Akwai hotuna goma sha biyu. Na tara bangon baya ne, lafiyayye daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗakin tsakiya kuwa daɓen siminti ne, babu tayil ko ɗaya. Ta kuma nemi sunan mai asusun da ke jikin takardar maginin, aka sake zaunar da ita awa guda.

Bayan azahar ta isa gidan da kuratan 'yan sanda biyu, da magini, da dattijuwar. Wannan karon ba ta karɓi kujera ba. Ta bi ta lungu, suka zagaya baya. Ga ƙofa nan ta ƙarfe, shuɗiya, simintin gefenta bai ma gama canza launi ba. Dillalin ya biyo su yana gyara hula.

Sufeto ta dubi maginin. "Yau babu takarda. Kai ka fasa wannan?"

"Ni ne."

"Yaushe?"

Ya saci kallon dillalin, ya dubi kuratan. "Wata biyar ke nan."

"Wa ya sa ka?"

Ya nuna da baki. "Duk aikin shi ya sa ni. Dubu ɗari huɗu muka yi. Da na matsa, sai ya ce kuɗina suna kotu, in dangwala a nan, in aka tambaye ni in ce komai yana cikin takarda."

"Ƙarya yake!" in ji dillalin. "Ranki ya daɗe, mu shiga ciki mu yi magana irin ta manya."

"A nan za mu yi ta." Ta ɗaga hoto na tara. "Masinja ya kawo wasiƙa gidan nan, kai ka karɓa, ka zana sa hannun matar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Ka ga adadin kuɗin. Sa hannun marigayi yana jikin zanen ginin da aka ba ka ranar gwanjo, ka kwaikwaya. Saura jerin aiki. Da ka zauna ka ƙirƙiro, da wataƙila ka sha. Amma ka ji tsoro kada kotu ta turo a duba, sai ka kwafe aikin da aka yi maka da gaske, ka mayar da kwanan wata baya da shekara uku, ka ƙara miliyan uku a kai. Ka sa mamaci ya fasa ƙofar da babu ita wata takwas da suka wuce. Asusun kuma na shagon matarka ne. Ko maginin ma ba za ka biya ba."

Turaren bai hana gumi ba. Ya yi ƙasa da murya.

"Ai ba ta ma san da kuɗin ba. Da ba a gaya mata ba, me ta rasa?"

"Ka saye gidanta a rabin kuɗinsa, wannan halal ɗinka ne. Ɗan abin da ya rage mata ma ya tsone maka ido?" Ta juya ga kuratan. "Ku tafi da shi kafin in faɗi abin da zai sa a kira ni ofis."

Ta ce wa maginin ya biyo su ya ba da shaida, kuma daga yau kada ya sake dangwala wa kowa sai an karanta masa. Rahotonta zai isa teburin alƙali kafin a tashi aiki, da hannunta za ta kai, don ba ta yarda da masinjan kowa ba.

Dattijuwar ba ta bi ta kan dillalin ba. Tana tsaye a gaban ƙofar, ta tura, ta ja, ta sake turawa. Ko ƙara ba ta yi.

"Yaro," ta ce da maginin, "ita wannan kaɗai, nawa ta ci?"

"Da ƙofar da aikin, dubu arba'in, Mama. Wuni ɗaya na yi."

"Wuni ɗaya," in ji ta.

Sufeto ta dafa kafaɗarta. "Gobe kuɗinki za su fito. Ba za su sayi gida ba, kin sani."

"Za su sayi ɗan fili a bayan gari, da ɗaki ɗaya." Ta gyara mayafinta, ta dubi maginin. "In kun gama da kotu ka neme ni. Ni ba na cin gumin mutum, kuɗinka a hannu. Amma ka ji ni da kyau: ɗaki ɗaya, ƙofa biyu."