Ranar da Ruwan Dam Ya Juya

A kasuwar Aboabo Zuleiha ta fara ganin Abdulfatawu, yana sauke kwandon karfasa daga babur, yana ƙarni amma yana taku kamar wanda ya sha turare. Ta yi wa kifin tayin wulaƙanci.

"'Yanmata, ni na raine su a keji, a dam ɗin Bontanga," ya ce. "Ki raina ni, kar ki raina 'ya'yana."

Dariya ta ƙwace mata. Kafin damina ta kankama ta zama "Zulena", shi kuma "Baban Kifi".

Mahaifinta, Alhaji Usumanu, dillalin shanu a Sabonjida, ya ce sam. "Wanda dabbarsa ba ta da ƙafa shi ne zai riƙe min 'ya? Ga Tijani mai shagon waya yana jira." Da ƙyar mahaifiyarta ta shawo kansa, ya ce yaron ya zo gaisuwa ranar Juma'a.

Juma'a ta zo, aka shimfiɗa darduma, shayi ya huce. Sai saƙo ya shigo:

"Zulena, ruwan saman jiya ya juya dam. Kifi sun taso suna haki. Dole in ja keji zuwa zurfi. Ki ba Baba haƙuri."

Ta rubuta masa, "To ka auri kifin." Ta shige ɗaki tana kuka, don wallahi tana sonsa.

Alhaji, mai zuciya a kusa, ya hau mota har Bontanga don ya sallame shi baki da baki. Ya tarar da shi a bakin ruwa yana jan igiya, tafin hannunsa duk ya saɓule.

"Kai ne ka shanya ni?"

"Baba, na yi laifi. Amma da na taho, da sun mutu duka. Ni na kulle su, ba inda za su gudu."

Alhaji ya dubi tafin hannun yaron. Shi ma bai taɓa barin saniya kwance ya tafi biki ba. Ya naɗe babbar riga, ya kama igiyar.

Da yamma ya kira 'yarsa. "Share hawayenki. Wanda bai gudu ya bar kifi ba, ba zai bar ki ba."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, unguwa ta ci gasasshen kifin karfasa har ta ture. Alhaji ya dafa kan ango ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Yau na ba ka amanar da ta fi min duk shanuna."