Bel Ɗin Bayan Kujera

Ranar Talata da hantsi wata mota 'yar Beljiyam ta banke ɗan acaɓa a hanyar Naraguta, ta wuce ta daki bishiya. Ɗan acaɓan, Dachung, ko shurawa bai yi ba.

Mutum biyu ne a motar. Ishaku direba yana asibiti, muƙamuƙi a karye, ba bakin magana. Mai motar, Oga Fidelis, dillalin katako a Laranto, shi da ƙafarsa ya zo ofishin 'yan sanda.

"Wa ke tuƙi?" in ji Sufeto Mahdi.

"Ishaku mana, yallaɓai. Ni a gefe nake. Ko lasin ba ni da shi."

"Ka ɗaura bel?"

"Bel na me? Jakar iska ta cece ni."

Sufeto ya rubuta. In maganar ta tabbata, daga gadon asibiti Ishaku sai kurkuku. Amma ya ga Fidelis lafiya lau, ko ƙwarzane babu a fuska.

Ya kira Okey makaniki ya duba motar.

"Oga, mutane na ɗauka jakan nan filo ne," in ji Okey. "Da mota ya daki abu, akwai na'ura da ke ji, sai magani ya tashi a ciki kamar albarushi. Kafin ka ƙifta ido ya cika, ya sace. Bel ne zai riƙe ka har ya gama buɗewa. Ba bel, kai kana zuwa, shi yana zuwa. Naushi kenan."

Sufeto ya leƙa. Bel ɗin direba a jaye yake, ya ƙage. Na gefe kuwa an zagaya da shi ta bayan kujera an maƙale.

"Wannan fa?"

"Haka masu mota ke yi don ya daina musu ƙara."

A ƙasan kujerar gefen Sufeto ya tsinci haƙora biyu.

A asibiti ya sa aka buɗe rigar Ishaku, ya duba ƙirjinsa. Ba sawun bel ko kaɗan. Matarsa Balaraba ta ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ko gyara fakin zai yi sai ya ɗaura bel?"

Washegari Sufeto ya sake kiran Fidelis.

"Oga, cire riga."

"Haba yallaɓai, da girmana?"

"Da girmanka."

Ya cire a hankali. Ga shatin bel baƙi ƙirin, tun daga kafaɗar hagu har ƙugun dama.

"Na mai zaman gefe ta kafaɗar dama yake bi," in ji Sufeto. "Kuma ka ce ba ka ɗaura ba. Haƙoranka nawa suka fita?"

Fidelis ya zauna daɓas.

"Na ce Ishaku ya ba ni in taɓa tuƙin, hanya ba kowa. Totur na taka maimakon birki. Kafin mutane su zo na jawo shi waje."

"Wa ya maƙale bel ɗin gefe a baya?"

"Ni. Kujerata ce." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shi ya hana ni makulli sai da na ɗaura nawa."

Sufeto ya rufe fayil, kofur ya sa wa Fidelis ankwa.

Kotu ta ba Fidelis shekara bakwai. An binne Dachung a ƙauyensu. Ishaku ya koma gida Rikkos, wata uku yana shan kunu da tsinke, kuma har yau da gefe ɗaya yake tauna.