Tambaya ta Bakwai

Da ƙarfe tara na safiyar Talata aka fara buga wayar asibitin, kuma duk mai bugowa zagi yake yi.

Ƙaramin asibiti ne mai ɗakuna huɗu, yana da shafi a intanet mai tambayoyi goma sha biyu jere a sama. Ka taɓa tambaya, shafin ya zura da kai ƙasa zuwa amsarta. Tambaya ta bakwai ita ce, "Shin sakamakon gwajina sirri ne?" A safiyar nan, wanda ya taɓa ta sai ya sauka kan hoton takardar gwajin wata malamar firamare, da sunanta, da lambar gidanta, da shaidar tana ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki. Kafin azahar hoton shafin ya zaga wayoyin iyayen ɗalibanta. Shugaban makaranta ya ce ta je gida ta huta, kuma kowa ya san irin wannan hutun.

Sufeton 'yan sanda ya iso ya tarar har an yanke hukunci. Likita ya kulle matar da ke kula da shafin a ɗakin ajiyar magani, yana ta kumfar baki.

"Ita ta gina shi, ita ta san cikinsa. Ku tafi da ita."

Sufeto ba ya son a miƙo masa mai laifi a naɗe. Ya sa aka buɗe ƙofa, ya zaunar da mai shafin gaban kwamfutar da ke kan kantar karɓar baƙi.

"Nuna mini yadda tambaya ke kai mutum ga amsa."

"Yallaɓai, abu biyu ne. Sai na dasa alama a inda nake so a sauka, anga muke ce mata. Sai na ɗaura mahaɗi daga tambayar zuwa angar. Wani ya dasa sabuwa a ƙasan shafi, ya manna hoton, ya karkatar da ta bakwai can."

"Wanin nan ba ke ba ce?"

"Duba amsoshin nan. Kowace tana da 'Koma sama' a ƙarshenta. Shekara tara ban taɓa dasa anga na bar mutum ba hanyar komawa ba."

Ya duba. Goma sha biyu suna da shi, sabon wurin babu. Wannan bai isa ya wanke ta ba, amma ya rubuta.

"Wa ke da kalmar sirrin shiga a gyara shafin?"

"Ni, da Likita, da Anti."

Anti ita ce mai zama a kantar karɓar baƙi, mai karɓar kati da raba takardun gwaji, kuma yayar mijin malamar ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tun safe take kuka, tana share ido a ƙarƙashin tabarau mai kauri.

"Ni na kawo malamar nan asibitin, ɗana. Na ce mata a nan asirinta zai rufu. Da wane ido zan kalli ƙanena?"

Mai gwajin jini ba shi da kalmar sirri, kuma ranar Litinin ya miƙa takardun malamar wurin Anti. Sai dai ya faɗi abin da ya tsaya wa Sufeto a rai.

"Takarda biyu na miƙa. Wadda aka saka a shafin gwajin farko ne, yakan yi ƙarya. Na biyu, na tabbatarwa, ya nuna ba ta da komai."

"Ina ta biyun?"

"A fayil ɗinta ya kamata ta kasance."

Ba ta cikin fayil.

Sufeto ya fita tsakar asibitin ya karɓi wayoyin mutum shida da hoton shafin ya iso musu. Hoto ɗaya ne ake ta turawa. Ya ajiye waya kusa da kwamfutar yana kallon wannan, yana kallon wancan. Shafin da ke kwamfuta fari ne tas. Wanda ke cikin hoton, bayansa rawaya ne mai haske. Ya tambayi uku daga waɗanda suka buɗe shafin da kansu da safe, duk suka ce fari suka gani. Wato wanda ya ɗauki hoton ya ɗauke shi ne tun shafin yana cikin manhajar gyara, kafin a sake shi ga duniya.

Bai gaya wa kowa ba. Ya tara mutum ukun nan masu kalmar sirri ya ce kowa zai rubuta layin ban haƙuri guda a shafin, ɗaya bayan ɗaya, sauran su jira a waje.

Likita ya ɓata minti goma yana neman inda ake shiga, ya ƙare da zagin linzamin kwamfutar. Mai shafin ta gama a minti ɗaya, a kan fari. Anti ta zauna, ta gyara tabarau, ta ja majina. Kafin ta taɓa harafi ko ɗaya, hannunta ya tafi saitin shafi, wurin da ake zaɓar suna da launi, ta mayar da bayan shafin rawaya. Ta yi rubutunta, ta koma ta mayar da shi fari.

"Me ya sa kika canza launi, Anti?"

"Farin yana soka mini ido tun da aka yi mini aiki. Kullum haka nake yi in zan gyara lokutan ganin likita. Ai ina mayarwa."

"Kina mayarwa. Amma jiya kin ɗauki hoto kafin ki mayar."

Ya ajiye wayar a gabanta. Kukan ya tsaya cak, ko shessheka babu.

An kira sauran. Sufeto ya jera musu: takardun biyu a hannunta suka kwana, kalmar sirri tana da ita, mai shafin ta shaida ita ce ta koya mata dasa anga bara, amma ba ta koyi saka "Koma sama" ba. Ta ji tsoron kada a ƙi taɓa tambaya ta bakwai, sai ta ɗauki hoto ta tura wa iyayen ɗalibai da wani layin waya. Takarda ta biyu kuwa a jakarta aka same ta, an ninka ta huɗu.

"Kin karanta wannan?" in ji Sufeto.

"Na karanta."

"Kin san lafiyarta ƙalau."

"Na sani." Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi. "Ni na raini yaron nan. Na bar karatu saboda shi. Tun da ya aure ta, sai ya yi wata biyu bai leƙo ni ba. Na ce bari ya ga wa zai rage masa."

Likita ya kasa kallon mai shafin, bai kuma ba ta haƙuri ba. Ita ma ba ta jira ba, ta zauna ta goge hoton, ta mayar da ta bakwai kan amsarta.

Da la'asar Sufeto ya kai takarda ta biyun gidan malamar da kansa. Ya tarar da ita zaune a falo, akwatinta a bakin ƙofa. Mijin ne ya haɗa mata kayan da hannunsa, yana tsaye can nesa jikin taga, ya rufe hanci da hankici. Ta karanta takardar sau biyu. Mijin ya karɓa ya karanta, ya saki hankicin, ya fara kiran sunanta yana jan akwatin zuwa ciki.

"Bar shi a nan," ta ce.

"Don Allah, ai an gano gaskiya. Yaya ce ta..."

"Yayarka ta san ƙarya ne. Kai kuwa gaskiya ka ɗauka, kuma na ga abin da ka yi da ita."

Ta karɓi takardar daga hannunsa ta sa a jaka, ta roƙi Sufeto ya taimaka ya tsayar mata da mota.