Tukunyar da Ba a Taɓa Ƙerawa Ba

Tukunyar gas ta fashe a kicin ɗin wata mai jego, ko gawar kirki ba a samu ba. Kafin Sufeto ta isa kamfanin da ke cika tukwanen, har sun miƙa wa 'yan sanda tsohon da ke gwada su. Abin ya ƙona mata rai.

"Baba, kwamfuta ta ce ka gwada tukunyar, ka rubuta lafiya."

"Ranki ya daɗe, a makon injin gwaji a lalace yake, ban rubuta komai ba. Da can in aka tsallake tukunya, kwamfuta tsayar da aiki take yi. Bana dai ta yi shiru."

Makanike ya tabbatar da lalacewar injin. Manaja kuwa sai zufa da rantse-rantse. Mutumin da sakatariya ke buɗe wa saƙo, ina shi ina taɓa manhajar kwamfuta?

Saura Injiniya, ƙanin matar Manaja, mai kula da manhajar. Lambar yabon da aka ba shi don rage tsaikon aiki tana rataye a bayansa.

Sufeto ta ja kujera gaban kwamfutarsa, ta buga wata lamba da ta ƙirƙira, ta tukunyar da ba a taɓa ƙerawa ba. Allo ya ce: lafiya.

"Yi min bayani."

"Hajiya, abu ne na fasaha..."

"Shi na karanta kafin in sa kaki. Rumbun ajiyar bayanan da ke zuwa da yaren kwamfuta, in ka nemi abin da ba a zuba masa ba, kuskure yake nunawa, aiki ya tsaya. Amma ana iya sauya masa hali, a koya masa amsar da zai bayar. Kai kaɗai ke da izinin taɓa wurin. Kana iya sa 'a dakata', amma sai ka zaɓi 'lafiya'."

Ya sunkuyar da kai. "Tsayawar ce ta yi yawa. Kullum ni ake zagi."

"Shi ne ka bar tsoho a tsare yana ɗaukar laifinka. Fito min da duk tukwanen da suka fita ba gwaji."

"Ba za su rarrabu ba. Duk lambar da aka tambaya, rumbun yana ajiye mata 'lafiya', daidai da ta gaske."

Aka saki Baba, aka sa wa Injiniya ankwa, amma ko ɗigon daɗi Sufeto ba ta ji ba. Ta hana motoci lodi, sannan ta kira gida, don tukunyarsu ma a nan aka cika ta.

"Auta, kada kowa ya kunna gas. Ku fitar da tukunyar waje."

"Mama, ai har mun ɗora girki."