Gwanjon da Ya Tsallake Akuyoyi

Da hantsi Haulatu, matar marigayi Saminu mai hatsi, ta faɗo ofishin 'yan sanda na Daura, takalmi wari ɗaya.

"Yallaɓai, an sace mini gida."

Sufeto Sada ya ajiye shayinsa. Ya sha kama ɓarayin babur da na tumaki, amma bai taɓa ganin wanda ya saɓa gida a kafaɗa ba.

Ashe Alhaji Badaru ne, mai bin marigayin kuɗin gero, ya je jiya da wani mai kakin kotu. Aka kaɗa ƙararrawa, wai an yi gwanjon gidan. Wa ya saya? Alhajin da kansa. An ba ta zuwa Juma'a ta kwashe marayunta.

Sufeto ya bi ta gidan. Ga akuyoyi suna cin dusa, ga injin markaɗe a rumfa. Ya daɗe yana kallonsu, har Haulatu ta fara zaton shi ma rabonsa yake nema.

"An taɓa waɗannan?"

"Ko kallonsu ba a yi ba."

Ya sa aka kawo Alhaji da mai kakin.

"Alƙali ne ya ba da umarni," in ji Alhaji, yana jan carbi kamar ana korarsa.

"Wane alƙali?"

"Na kotu mana."

"Alhaji, kotu ba ta farawa da gida. Sai ta sayar da dabba da inji tukuna. In ba su biya bashin ba, a koma gaban alƙali neman izini. Wace kotu ce ta tsallake akuyoyi?"

Carbi ya tsaya.

Sai maƙwabciya Zinariya, wadda kunnenta ke jingine da katanga tun ɗazu, ta leƙo.

"Yallaɓai, wannan mai kakin ai Dabo ne, mai gadin rumbun Alhaji. Ƙararrawar ma ta mai tallan askirim ce."

Dabo ya durƙusa. "Buhun gero aka yi mini alkawari. Ko tiya ban gani ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Gidan a bakin titi yake. Shaguna na hango."

Aka tasa ƙeyarsu zuwa mota, mata na leƙe ta kowane zaure.

"Gida naki ne, Hajiya," in ji Sufeto, "amma bashi yana nan."

"Na sani. Mu je kotun gaske, su ɗauki injin."

Ta shiga ta ƙara wa akuyoyin dusa, har da wake a kai.